Sunan da Ya Tokare Mini a Maƙogwaro

A shekarar da Inna ta rasu abubuwa biyu suka sa ni a gaba, kuma da za a ba ni Alƙur'ani in dafa a lokacin, da na rantse babu abin da ya haɗa su. Na farko maƙogwarona ne. Ina zaune lafiya lau, ko ina tsaye gaban allo ina koya wa 'yan aji huɗu lissafi, sai in ji wani abu ya zo ya tokare mini wuya kamar lomar tuwon da ba ta ji miya ba. Ba ya hawa, ba ya sauka. In sha ruwa, ruwan ya wuce abinsa, shi yana nan. Na biyu kuma yaron nan ne, ɗana na fari, wanda ya ɗauke ƙafa daga gidanmu na Kwamba a Suleja, alhali tsakaninmu da Garam inda yake zaune ba wata tafiya ba ce.

Ɗan fari ne, kun san yadda abin yake. Ana yaye shi Inna, mahaifiyata, ta goya shi ta tafi da shi Garam, can ya tashi. Ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, in ba ya nan kuma "yaron nan" ko "ɗan gidan Inna". Shi kuma Anti yake ce mini, yadda 'ya'yan ƙannena suke faɗa. Kada wani ya ce laifi na yi. Haka Inna ta yi wa yayanmu, haka tata uwar ta yi, kuma babu wanda ya mutu. Idan ina son in san ko ya ci abinci, Inna nake tambaya. Idan na ga riga mai kyau a kasuwa, in saya in ba Inna, ita ta ba shi. Idan ya yi zazzaɓi, ni ce ba na barci a Kwamba, ita ce ke riƙe da kansa a Garam. Abin yana tafiya daidai har ranar da aka kai ta makwancinta.

Bayan sadakar arba'in sai zuwansa ya koma na sallah-sallah. Ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri, ya ajiye ledar tsaraba ya tafi. Akwai ranar da ya zo ya tarar ɗan maƙwabciyata ya dawo daga bautar ƙasa. Ita 'yar ƙabilar Ibo ce, tana haya a gidan da ke manne da namu. Ta fito da gudu ba ko ɗankwali, tana ƙwala sunan ɗan nata, ta rungume shi tana rawa a tsakiyar layi. Na ce a raina, ji rashin ta ido. Da na waiga sai na ga yaron nan tsaye a ƙofar gida yana kallonsu, ya manta ma da takalmin da yake sawa.

Ba a daɗe ba autata, wadda ba ta da linzami a baki, ta same ni ina tsintar shinkafa ta ce, "Umma, kin ji Yaya ya nemi ofishinsu su mayar da shi Fatakwal? Shi ya nema da kansa. Ya ce tun da Inna ta tafi ba shi da kowa a nan, kuma Anti ba za ta ma san ya tafi ba." Na ce ta tashi ta ba ni wuri, Allah ya ba shi sa'a. Tana fita abin nan ya shaƙe ni har sai da na ajiye faranti. Ni kuwa na ce taifot ɗin ne ya motsa.

A Suleja ai ciwo biyu ne kawai, taifot da maleriya, in abin ya ƙi ci a ce olsa. Na sha maganin taifot, na sha na olsa, na sha sassaƙe da saiwoyi masu ɗacin tsiya. Maƙwabciyar tawa ta kawo mini citta da tafarnuwa da zuma, ta ce za ta sa ni a addu'a a cocinsu, na ce na gode. Daga ƙarshe aka kai ni wani asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka zura mini wata igiya mai fitila har cikin ciki. Likitan ya gama dubawa ya ce, "Malama, maƙogwaronki ya fi nawa lafiya. Amma akwai wata a ƙarshen barandar nan da nake so ki gani. Aikinta sauraron masu damuwa ne."

"Wato mahaukaciya ka mai da ni," na ce. "Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane tun kana rarrafe?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Autata ce ta riƙe mini jaka ta ce ba za ta ba ni ba sai na shiga.

Ɗakin ba gado, ba allura, ba ko warin magani. Kujeru biyu ne da fanka da kwalin tishu. Likitar kuwa yarinya ce, sa'ar yaron nan, 'yar Gbagyi, Hausarta da ɗan karkata irin tasu. Ni na sa mata suna likitar magana, don ban ga tana yin komai ba sai ita.

"Yaya jikin, Malama?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Yaya gida?"

"Lafiya lau."

"Akwai abin da ke damunki kwanan nan?"

"Babu komai sai alheri."

Haka muka yi ta yi. To me take so in ce? Tun ina yarinya aka koya mini cewa ko gidanmu ne ke ci da wuta, aka ce ina kwana, lafiya lau zan ce, sannan in nemi ruwa. Na yi ta tare mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ina jin daɗin kaina. Da lokaci ya cika na miƙe ina gyara mayafi, sai ta ce, "Malama, na ji abin da bakinki ya faɗa. Amma tun da kika zauna hannunki na dama yake murza bakin mayafin nan, kafaɗunki kuma sun kusa taɓa kunnuwanki. Su ma ina so in ji ta bakinsu."

Na duba. Bakin mayafin ya koma igiya. Na sauke kafaɗuna na ji sun yi tsami, ashe tun safe suna sama. Raina ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran wadda aka kama tana leƙen tukunya.

Aikin da ta ba ni ba magani a ciki. Ta ce idan wani abu ya motsa a jikina kada in kore shi, kada in sha komai. In tsaya in tambayi kaina a ina yake, yaya yake, kuma me ya faru kafin ya zo. Na ce wannan ai aikin marasa aikin yi ne. Amma ni mace ce da ba ta son a ce an ba ta aiki ta kasa, sai na yi, don kawai in koma in nuna mata babu komai.

Ashe akwai komai. Fushina a kunne yake farawa. Hedimasta ya kira taro daidai lokacin tashi, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, zafin ya gangaro ƙeya, haƙorana su haɗe. Shekara da shekaru ina zaton bakina ne ke riga ni, ashe kunnuwan suna sanar da ni tun kafin, ni ce ba na saurare. Tsoro kuwa a ciki yake, sanyi ne da ke sauka har gwiwa. Na gane shi ranar da na tsaya zan tsallaka babban titi a Gauraka tireloli suna wucewa. Farin ciki ma da wurinsa, a ƙirji, sai in ji numfashina ya yi faɗi.

Na zama abin tsokana a gida. Maigida ya fara maganar da ba ta yi mini ba, sai in ce, "Malam, kunnuwana sun fara zafi." Ya ɗauki hularsa ya ce bari ya leƙa masallaci. Rigimar da a da sai mun kwana muna yi, sai ta mutu a nan. Ya ce da ya san haka ne, da tun muna ango da amarya ya nemo mini irin likitar nan.

Laraba, ranar ganin likitar magana, ta zama ranar da nake jira. Na daina ce mata lafiya lau. In zauna in ce, "Yau wuyana a sandare yake, kuma tun jiya cikina yake sanyi," mu bi abin tare har mu gano inda ya taso. Wani lokaci ba ni da kalmar, sai in nuna da hannu, ita ta ce, "Nauyi ne ko matsi?" in zaɓa. In ta faɗi wanda ba shi ba ne in ce mata a'a, ta sake lale. Akwai ranar da na ce mata, "Likita, tambayar nan taki ce ma ta sa kunnen nawa zafi." Na zaci za ta ji haushi, sai ta ce gara da na faɗa, jikin nawa ne ba nata ba, in ta kuskure ni kaɗai ce zan sani. Amma na maƙogwaro ya ƙi ba da kai. Duk sa'ad da ta tambayi abin da ya faru kafin ya zo, sai in ce ban lura ba. Wallahi kuwa ban lura ɗin ba.

Rannan ina cikin keke daga makaranta, mun tsaya a cunkoson shiga Kwamba, sai mai keken ya leƙa ya ƙwala wa wani abokinsa kira a ɗaya hannun. Sunan yaron nan ne, suna ne da rabin garin nan suke da shi. Kafin ya rufe baki abin ya cafke ni. Na kai hannu jaka zan ɗauko ruwa, sai na tuna, na bari. A ina yake? A maƙogwaro. Yaya yake? Abu ne ke son fitowa ana danne shi. Me ya faru? Na fara bin ranakun baya. Ranar da autata ta kawo maganar Fatakwal. Ranar sallah da ya durƙusa. A aji kuwa akwai mai irin sunan, wanda nake ce wa "kai na bayan can". Har mai keke ya wuce layinmu ban ce ya tsaya ba.

Da Laraba ta zo na kwashe duka na gaya wa likitar. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Yaya sunansa?"

"Ke 'yar nan, a gidanku ba a koya miki kunya ba? Ɗan fari ne fa."

"An koya mini, Malama, kuma ban ce ki faɗa ba. Yanzu da na tambaya, me kika ji?"

Hannuna ya riga ya kai wuya.

"Lokacin da Inna take da rai, in kina son ce masa ya kula da kansa, yaya kike yi?"

"Ita nake gaya wa."

"Yanzu fa, wa kike gaya wa?"

Ni da ban yi kuka a gaban mutane ba ranar jana'izar Inna, sai ga ni ina yi a gaban yarinyar da na haifi sa'anta. Ta turo mini kwalin tishu, na ture shi na share da mayafina, don kada ta ga kamar ta gama da ni. Ina son yaron nan. Ina sonsa sosai, kuma duk abin da nake da shi na faɗa masa, tun rasuwar Inna wuri ɗaya yake taruwa. Al'adar da ta rufe mini baki ita ta ba ni bakin Inna in yi magana da shi. Yanzu an binne bakin nan, kuma babu wanda ya gaya mini yadda ake yi bayan haka.

Abin da ya sa na yarda da ita, ba ta ce al'adarmu banza ce ba. Da ta faɗa, da ranar ce ƙarshen zuwana. Cewa ta yi, "Ke za ki zaɓa. Kina iya aika masa ta bakin wani. Ni dai abin da na gani, jikinki ya gaji da riƙo." Na ce ai ta bakin wani ɗin ce ta kawo mu nan. In zan yi, da bakina zan yi.

Ta juya kujerarta ta fuskanci bango don kada in ji nauyin idonta. Na ja numfashi yadda ta koya mini, a hankali har ciki. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Tafin hannuna ya jiƙe, gwiwoyina suka yi sanyi. Tana kallon bangon ta ce, "Wannan tsoro ne, kin san shi. Ba zai kashe ki ba." Ranar dai ban iya ba.

A gida na sami dabara. Maƙwabciyata tana da injin markaɗe a ƙofar gida, in ta tayar da shi ko kiran sallah da ƙyar ake ji. Sai in tsaya a kicin in jira ta tayar, in faɗi sunan a cikin ƙarar. Ranar farko sai da na dafa bango. Sunan ya fito a karkace, kamar ba ni na haifi mai shi ba. Kullum sai na yi, har baiwar Allah ta fara mamakin yadda nake leƙawa ina tambayarta ko yau babu masu markaɗe.

Ranar tafiyarsa da hantsi ya zo sallama. Ya gaishe da babansa, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar kicin, jakarsa a gefe. "Anti, zan wuce. Abokina zai ɗauke ni a Gauraka ya kai ni tasha a Abuja." Duk abin da na yi ta gwadawa ya gudu. Ba inji, ba bango, sai shi da idanunsa. Na ji bakina yana cewa, "To, Allah ya kiyaye hanya," ina kallon tukunya. Ya ɗan jira. Sannan ya ce amin, ya ɗauki jakarsa.

Ƙarar rufe ƙofar gida da shaƙewar tare suka zo. Da a da ne, ruwa zan nema in kwanta in ce taifot. Wannan karon na tsaya na duba. Kunnuwana ba zafi, ke nan ba fushi ba ne. Cikina da sanyi, tsoro ke nan, na san shi, ba zai kashe ni ba. Maƙogwaro kuwa na san abin da ke cikinsa sarai. Na fizgi mayafi na fita da silifas ɗin wanka. Autata tana tambaya ina za ni, na ce ta kula da miya.

Mai keken da na tsayar ya ga fuskata bai ko yi ciniki ba. Muna isa Gauraka na hango shi a ɗaya hannun titi, wata mota tana rage gudu tana nufo shi. Tsakaninmu tireloli da motocin 'yan Abuja, babu halin tsallakawa. Na ɗaga hannu, bai gani ba. Na ce, "Kai!" Wasu kanikawa suka waiwayo, shi ko gezau. To a bakin titin Gauraka wane ne ba "kai" ba, wane ne ba "yaron nan" ba? Motar ta tsaya, ya sunkuya zai ɗauki jaka.

Na ja numfashi har ciki, na ƙwala sunan. Da muryar da nake tsayar da yara a filin makaranta na kira shi, wadda ake ji har bayan katanga.

Ya tsaya a sunkuye. Ya ɗago yana waige-waige, ya duba dama, ya duba hagu. Daga baya ya gaya mini muryar Inna ya ji, har tsikar jikinsa ta tashi. Sai idonsa ya faɗo kaina, ga ni da silifas ɗin wanka da ludayi a hannu, ashe ban ajiye shi ba. Ya bar jakar, ya bar abokin da motarsa, ya ratso titin nan, ni kuma ina ta salati ina ɗaga wa direbobi ludayi.

Ya iso yana haki. Ya tsaya a gabana, ƙaton mutum da gemu.

"Ke ce kika kira?"

"A'a, aljanu ne."

"Sake faɗa."

"Kai, kada ka raina ni a bakin titi. Sau ɗaya bai ishe ka ba?"

Bai motsa ba. Sai na sake faɗa, a hankali wannan karon, ina kallon idonsa. Na ce, "Zan san ka tafi. Kullum zan sani. Rigunan da Inna take ba ka da sallah, wa kake zaton yake saye?"

Ya rufe fuska da hannu. Masu sayar da abinci sun daina zuba wa kowa suna kallonmu, wata tana cewa ikon Allah. Ni kuwa ko a jikina. Na ce, "Ka ci abinci?" Ya girgiza kai. Na ja shi muka zauna a benci, na sa aka kawo mana masa da miya. Abokin nasa ya gaji da danna hon, ya tsallako da jakar ya same mu. Na gutsuri masa na kai baki na haɗiye, ta wuce sumul. Sai da kwanon ya kusa ƙarewa sannan na lura ban nemi ruwa ba.

Fatakwal ɗin ya tafi, aiki ne, ba a fasa shi don an ci masa a Gauraka. Da Laraba na shiga ɗakin likitar magana, ta ce, "Yaya jikin, Malama?" Na ce, "Lafiya lau." Ta ɗaga gira. Na ce, "Duba kafaɗun, duba hannun." Ta duba, ta yi dariya har da tafi. Ban daina zuwa ba a lokacin, don kukan Inna ma yana nan ban gama ba, kuma abin yakan leƙo jefi-jefi. Amma in ya zo yanzu ba kemis nake nufa ba, waya nake ɗauka.

Sunan ba zan rubuta shi a nan ba. Kunyar ba ta ƙare ba, kuma ba na so ta ƙare duka. Shi dai ya sami abin tsokana. In ya kira na ɗauka, sai ya yi shiru kamar sabis ne ya ɗauke. In ce, "Kai, kana jina?" Shiru. In ce, "Zan kashe fa." Shiru. Sai na gaji na kira sunan, sannan in ji ya ce, "Na'am, Umma."